Wuri Na Huɗu

Litinin, 11 ga Maris, 1963

Dikte yau da safe, wato shiftar Faransanci. Amani kuskure ɗaya, shi ma ɗigo ne ya manta bisa harafi. Sauran ajin sai addu'a. Sha'ibu, ɗan Mai Nasara mai jakai, kuskure goma sha huɗu. Kalma guda ya rubuta iri uku cikin layi biyar. Na ce mishi ko makaho ya fi shi iya lalube. Ya yi dariya, aji ya yi dariya, ni ma na yi. Yaron ba shi da mugun hali, kan ne dai ba na karatu ba.

Saura wata uku konkur, jarrabawar shiga kwaleji. Direktan lakwal, wato shugaban makarantarmu, Mushe Ishaƙu (haka ake kiran malaman boko, Mushe), ya ce bana wuri huɗu aka ba ƙasar Tasawa duka a kwalejin birni, da ci da kwana. Huɗu, alhali yaran da za su zauna sun haura tamanin. In dai ɗaya ya faɗo ajina, na san mai shi.

Alhamis, 14 ga Maris

Ranar hutu ce, amma an tara mu. Wani mutum ya zo daga birni, da farin gajeren wando, da usur a wuya, da agogon da ake dannawa. Wai shi ke nema wa kwaleji ƴan gudu da ƴan ƙwallo, don akwai gasar makarantu ta ƙasa, ba su son shan kunya.

An jera manyan yara a filin bayan lakwal, zagaye biyu. Ban taɓa lura da Sha'ibu ba sai yau. Ba takalmi. Kafin sauran su gama zagayen farko ya ba su rabin fili. Mutumin ya dubi agogo, ya girgiza shi, ya kara a kunne, ya ce a sake. Aka sake, Sha'ibu ya ƙara sauri. Tun yana ƙarami yake bin jakan ubanshi daga rijiya zuwa gari, ina mamaki.

Na yi tafi. In faɗi gaskiya har ihu na yi. Abin da kyan gani.

Amani ya zo na biyun ƙarshe, hannu ɗaya riƙe da wando.

Da aka watse na ji mutumin yana tambaya: "Wannan dogon, yaya karatunshi?" Direkta ya ce, "Yana ƙoƙari." Ni ƙasa na duba.

Talata, 2 ga Afrilu

Direkta ya kira ni biro, ofishinshi.

"Ƙadri, ƴar takarda ce. Ka rubuta cewa Sha'ibu yana da ladabi, kuma zai iya bin karatu in ya samu taimako."

Na ce ladabi akwai, bin karatun ne ban rantse ba.

"Wuri ne na daban, na ƴan wasa. Ba ya cikin huɗun nan. Za ka hana ɗan talaka arziki don dikte?"

Da ya faɗi haka sai na ji kamar ni ne azzalumi. Na rubuta, na sa hannu. Layi huɗu ne duka.

Da na gaya wa matata Furera, ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba, ta ce, "Wanda ya rubuta dai shi ake tambaya." Mata da tsoro.

Laraba, 24 ga Afrilu

Zafi. Yara na barci bisa benci. Amani kaɗai ya gama lissafi shida.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na Allah, uban Amani, ya zo daga Urafane da tsabar hatsi rabin taiki. Tunda yaron a zaurena yake kwana, kowane wata biyu sai ya kawo, ko na ce ya bari.

Ba hatsin ne ya kawo shi ba. Ya ce, "Mushe, hadari ya fara haɗuwa. Kowa na ƙara gonar gyaɗa bana, ni kuwa hannu biyu gare ni. Ka ba ni shi ya yi min shuka."

Na ce ya ba ni wata ɗaya.

Ya ce, "Shekara shida na ba ka. Wata ɗaya ba ya gagara."

Gaskiyarshi. Lokacin da aka fara tura ni Urafane koyarwa, sau biyar na je ƙofar gidanshi kafin ya saki yaron. Ɓoye shi ma suka yi cikin rumbu ranar da aka zo rubuta suna. Da aka maido ni Tasawa, ni na sake komawa na roƙa na taho da shi. Na ce mishi ɗanka zai zama likita, ko alƙali, ƙasa ta samu kanta, ƴaƴanta za su riƙe ta.

Yau da zai hau jaki na ce, "In bai shiga kwaleji ba, ni za ka kama." Ban san me ya kai bakina ba.

Litinin, 10 ga Yuni

An yi konkur. Lissafin famfo biyu ne masu cika kwatarniya ɗaya, ga yaran da ba su taɓa ganin famfo ba. Amani ya fito ya ce, "Mushe, na mai da su mata biyu masu ɗebo ruwa, sai abin ya fita." Na duba takardar gwajinshi. Daidai.

Sha'ibu ya ce shi famfo ɗaya ya rufe.

Asabar, 15 ga Yuni

Amani ya tafi gida noma. Furera ta ce zaure ya yi faɗi.

Juma'a, 12 ga Yuli

Alhamdu lillahi! Wani abokina da ke cikin masu gyaran takardu ya aiko min da saƙo a asirce. Amani na huɗu cikin tamanin da uku. Na huɗu! Ukun da ke gabanshi duk ƴaƴan ma'aikata ne, masu jin Faransanci tun daga goyo. Sha'ibu na talatin da ɗaya.

Furera ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ban iya zama ba, na je tasha na samu direban kamyo, babbar motar kaya da ke bin hanyar Urafane, na ce ya gaya wa Na Allah ɗanshi ya ci, ya fara shiri.

Direkta ya ce da na jira takarda ta fito. Jiran me? Huɗu huɗu ne.

Talata, 30 ga Yuli

An liƙa sunaye a ƙofar biro.

Na ɗaya, na biyu, na uku, yadda aka gaya min. Na huɗu: Sha'ibu Mai Nasara. Da ɗan tauraro a gefen sunan. A ƙasa an bayyana tauraron: an ɗauke shi saboda wasa.

Na ɗaga takardar na duba bayanta. Ba komai. Wani masinja yana kallona, na ce mishi shafi na biyu fa? Ya ce ɗaya ne aka kawo.

Laraba, 31 ga Yuli

Na samu Direkta a gida yana shan shayi.

Na ce, kai ka ce min wuri ne na daban.

"Ni ma haka aka ce min. Daga baya suka ce gadajen kwana ba su ƙaru ba. Kowace ƙasa da ta ba da ɗan wasa, daga rabonta aka cire."

Na ce to yaron da ya ci fa?

"Ya sake baɗi."

Ya sani sarai. Takardar haihuwar Amani 1949 ta ce. Baɗi ya wuce shekarun zama konkur. Na faɗa mishi haka, murya ta tashi, har matarshi ta saki labule.

Ya aje kofi ya ce, "Ƙadri, kada ka yi min ihu a gidana. Ba don takardarka ba, da ba su iya ɗaukar na talatin da ɗaya. Malaminshi ne ya shaida zai iya."

Na fito. Ban tuna ta wace hanya na iso gida ba.

Furera ba ta ce na gaya maka ba. Da ma ta faɗa.

Asabar, 3 ga Agusta

Bikin samun ƴancin kai, shekara uku. An yi jawabi a dandali: ƙasa na bukatar likitoci, da injiniyoyi, da malamai. An tafa. Sai aka yi tsere, Sha'ibu ya cinye, aka yi shela cewa ga ɗan Tasawa da zai je kwaleji ya fitar da mu kunya. Samari suka ɗauke shi bisa kafaɗa.

In ciwo ya kama su, sai su kira shi ya zagaya su da gudu.

Da la'asar Mai Nasara ya zo da zabi biyu, wai godiya. Na ce Furera ta ce ba ni nan. Ina jin shi daga ɗaki: "Ki gaya wa Mushe, ni ban san abin da zan saka mishi da shi ba. A zuriyarmu ba wanda ya taɓa zama bisa kujera."

Ta karɓa, don ba a mai da hannun dattijo. Ta dafa ɗaya. Ban ci ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Na rubuta takardar kuka zuwa birni, shafi uku, da makin Amani na shekara biyu. Na yi ta sau huɗu kafin na cire zagi.

Har yau ban aika Urafane ba. Kwana goma sha uku ke nan. Kullum sai in ce gobe.

Lahadi, 18 ga Agusta

Na je.

Kamyo ya kafe sau biyu cikin laka, sai hantsi ya yi sosai muka isa. Tun daga bakin gari mutane ke min barka. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana sa albarka. Ashe Na Allah ya yanka akuya tun ranar da saƙona ya iso, duk unguwa ta ci. A zaurenshi na ga sabon akwatin ƙarfe, shuɗi, an rubuta AMANI da farin fenti. Hannun yaron ne, na san yadda yake ja wa M ƙafa.

Suna gona, suna maimai. Gyaɗa ta rufe ƙasa, ta yi kyau ƙwarai. Na Allah ya aje hauya ya taho da fara'a. Na ce mu je inuwa. Ya dubi fuskata, ya ce, "Faɗi nan."

Na faɗa. Na yi ta zagaye, gadaje, rabo, tauraro. Ya bar ni na gama.

"Wane ne ya fi shi?"

Na ce cikin waɗanda suka rage ba wanda ya fi shi.

"To?"

Na ce wancan ya fi shi gudu.

Sai ya yi dariya, gajera. "Gudu? Wa ke korarsu a can?"

Na dubi gyaɗa.

Amani yana tsaye baya, laka har gwiwa. Ya ce, "Mushe, na nawa na zo?" Na ce na huɗu. "Wuri nawa ne?" Na ce huɗu. Ya gyaɗa kai kamar na ba shi lissafi ya ga bai fita ba, ya koma kunyarshi ya ci gaba da noma. Bai ƙara ɗagowa ba.

Ban gaya musu maganar takardar da na sa wa hannu ba.

Na Allah ya raka ni har bakin hanya, don shi mutum ne mai kunya. Na tuna mishi alkawarina, don in bai faɗa ba abin ya fi ciwo. Ya ce, "Ka ce in kama ka. In kama ka in kai ina, Mushe? Sauka lafiya. Ka gaida Furera, ta ciyar min da yaro."

Litinin, 19 ga Agusta

Zazzaɓi. Ko ba zazzaɓi ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Amsa ta zo daga birni. Layi biyu. An karɓi takardata, an kuma yi komai bisa ƙa'ida. Sun rubuta sunan yaron Amadu.

Asabar, 28 ga Satumba

Sha'ibu ya zo sallama, gobe kamyo zai tafi da su. An ɗinka mishi kaki, hannun rigar bai kai wuyan hannu ba. Ya durƙusa a ƙofar zaure, daidai inda tabarmar Amani take da.

Ya ja hannun rigar ƙasa. Sannan ya ce, "Mushe, wallahi ni ban roƙa ba."

Na ce na sani.

"Cewa aka yi in gudu, na gudu."

Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ya tambaya ko ina da tsohon littafin nahawu da zan ara mishi, don yana jin tsoro. Na ce babu. Akwai. Wanda Amani ya bari yana bisa kanta, bayan kaina.

Na san ba laifinshi ba ne. Sanin bai hana komai ba. Ina ganin dogayen ƙafafun nan sai in kau da kai.

Talata, 1 ga Oktoba

An koma lakwal. Yara talatin da shida. Na tsaya gaban allo na rasa abin da zan ce musu. Da, ranar farko nakan ce wanda ya yi karatu zai ga amfaninshi. Yau cewa na yi su buɗe kaye, littafin rubutu.

Laraba, 23 ga Oktoba

Akwai wani, Abdurrahamane, ɗan wani tela. Ɗan ƙarami, ƙafafu kamar sillen kara. Dikte ba kuskure, sau uku a jere. Yana tambaya irin ta wancan, ɗan Na Allah.

Ba zan sa rai ba. Ba zan je gidan kowa ba. Ba zan yi wa uban kowa alkawari ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Wasiƙa daga Sha'ibu. Da Faransanci, kuskure goma sha tara.

Wai ana fitar da su gudu safe da yamma, in ya shiga aji barci yake. Shi ne na ƙarshe a komai. Ƴan ajin suna kiranshi Doki, in malami ya tambaye shi sai su yi haniniya. An gaya mishi in bai ci gasa ba a watan Afrilu, ba a ga dalilin riƙe shi ba. Gwiwarshi ta hagu tana kumbura, bai gaya wa kowa ba. Ya ce kada in faɗa wa babanshi. Ya ce in gaida Amani in na gan shi.

To. Ga abin da aka saya da wurin.

Na ga jan alƙalami a hannuna, na gyara goma sha taran duka kafin na farga. Sabo ne kawai. Tana cikin akwati.

Asabar, 7 ga Disamba

An buɗe cinikin gyaɗa, gari ya cika da raƙuma da kamyo. Na bi ta filin awo da hantsi, ba don komai ba, hanya ce. An tara buhuna sun yi tudu, ƴan dako na hawa bisa katako suna lodi.

Na gane shi daga tafiya. Buhu a ka, wuya ya lotse. Ya yi baƙi, ya yi faɗi a kafaɗa. Na jira ya sauke.

Na gaishe shi da Faransanci, yadda muka saba. Ya amsa da Hausa. "Lafiya lau, Mushe. Ina Inna Furera?"

Na ce akwai jarrabawar ƙananan malamai da ake yi nan da shekara biyu, in ya dawo zaure zan shirya shi. Ya ce in an gama lodi Kano za shi cin rani, shi da ƴan garinsu. Na ce kanka ya fi ƙarfin dako. Ya ce, "Buhu bai tambaye ni ba."

Sai na gaya mishi. A nan, tsakiyar hayaniya, na ce ni na rubuta takardar da aka ɗauki Sha'ibu da ita. Na zaci zai zage ni, na ma so ya zaga.

Ya ce, "Na sani. Sha'ibu ya gaya min tun kafin konkur, yana murna. Ni ma na taya shi murna."

Ya gyara gammo. Mai lodi na kiranshi. Har ya juya, sai ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba da shawara:

"Mushe, da ka koya mana gudu."

Ya hau katako.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ban fita ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Na ce yara su zo filin bayan lakwal da safe. Don lafiyar jiki ne. Suna yawan tari bana, kuma zama wuri ɗaya ba shi da kyau ga yaro, kowane likita zai faɗa.

Na ari igiyar guga na auna filin, na kafa turaku. Aunawa kawai, don a san iyaka.

Abdurrahamane ya zo na ashirin da bakwai. Na sallami sauran na ce shi ya sake. A zagaye na biyu ya faɗi, gwiwa ta goge. Ya ce, "Mushe, ni ba na iyawa. Ba gara mu yi dikte ba?" Na ce tashi. Ya tashi. Na bi shi a gefe ina cewa ɗaga ƙafa, ɗaga ƙafa, har masu zuwa rijiya suka tsaya kallo. Yana kuka yana gudu. Shekara tara ina koyarwa, ban taɓa yi wa yaro tsawa irin ta yau ba.

A hanyar gida na biya gidan waya, na aika wa Sha'ibu ƙunshi. Littafin nahawun nan yana tara ƙura ne kawai, kuma wasiƙar an riga an gyara ta.

Furera ta ce me ya samu muryarka. Na ce alli ne. Ta ce, "Yau Alhamis, ba ka taɓa alli ba."

Gobe kafin a buga ƙararrawa, zagaye uku.